Asuliyo: Furen Tsaunin Chile da Aka Yi wa Makoki Yana Raye

A ƙarshen wani watan Fabrairu, a zauren baje kolin furannin tsaunuka a arewacin Ingila, na tsaya gaban wani ɗan kasko da bai fi kwanon sha girma ba, na kasa wucewa. Tsakuwa ce ruwan toka a samansa, sai furanni kamar goma sha biyu da suka ɓullo daga cikinta, kowanne tsayinsa bai wuce yatsa ba. Launinsu ne ya riƙe ni. Shuɗi ne, amma ya fi na babar marina haske nesa ba kusa ba. Abin da ya fi kusa da shi a idona shi ne bula lokacin da aka jefa ta a ruwa, ba ta gama narkewa ba. A maƙogwaron kowane fure akwai 'yan zane-zane farare. Dattijon da ya kawo kaskon ya ce in sunkuya in shinshina. Ƙamshin siriri ne, sai ka kai hanci dab da shi. Na tambaye shi shekara nawa yana rainonsa, ya ce ya fi ashirin, kuma har yanzu idan sanyi ya shigo ba ya barci da ido biyu a rufe saboda shi.

Sunansa a wajen masana tsirrai Tecophilaea cyanocrocus. Mutanen Chile suna ce masa azulillo, ana furta shi asuliyo, wato ɗan shuɗi. Da wannan sunan zan riƙa kiransa.

Inda ya fito

Gidansa ɗaya ne tak a duniya: gangaren tsaunukan Andes da ke kusa da Santiyago, babban birnin Chile, a tsayin da ya kama daga mita 2,000 zuwa 3,000. Wuri ne mai duwatsu da tsakuwa, babu manyan itatuwa, sai 'yan gajerun ƙayoyi da suka lafe a ƙasa saboda iska. Wanda ya fara bayyana shi a rubuce shi ne Friedrich Leybold, Bajamushe mai sana'ar haɗa magunguna da ya zauna a Santiyago, a shekarar 1862. Kashin farko na sunan kuwa, wato Tecophilaea, ya riga wannan rubutun. An raɗa wa wannan jinsi suna ne don girmama Tecofila Billotti, mai zanen tsirrai, 'yar Luigi Colla masanin tsirrai na birnin Turin a Italiya. Jinsin nau'i biyu ne kawai, asuliyo da ɗan'uwansa Tecophilaea violiflora mai ƙananan furanni, wanda ya fi son ƙasa-ƙasa wajen gaɓar teku.

Turawa sun liƙa masa sunan crocus saboda ya yi kama da wani furensu na ƙarshen sanyi, amma danginsu ba ɗaya ba ne. Idan ka leƙa cikin furen asuliyo za ka ga 'yan sanduna shida, uku ne kawai ke ɗauke da garin barbara, sauran ukun juya ne. Ganyensa biyu ko uku, sirara, kowace kara tana ɗauke da fure ɗaya ko biyu.

Rayuwarsa duka tana cikin wani ɗan curi da ke ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya san gwaza ya san irin wannan curin: ba ya da ɓawo-ɓawo a jere kamar albasa, dunƙule ne guda, rumbun abinci. Na asuliyo bai fi gurjiya girma ba, yana sanye da 'yar riga mai zare-zare. Kowace shekara tsohon curin yana ƙarewa, sabo ya maye gurbinsa, wani lokaci har da 'ya'ya ɗaya ko biyu a gefe.

Kalandarsa ita ce dukan labarin, don haka bari in tsaya a kanta. A tsakiyar Chile ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, daga Mayu zuwa Satumba. Abin da Santiyago ke samu a shekara wajen milimita 300 ne, bai kai rabin na Kano ba, kuma a can saman dutse dusar ƙanƙara yake sauka. Dusar nan ita ce bargon asuliyo. Duk tsananin sanyin da ake yi a sarari, ƙasar da ke ƙarƙashin dusa mai kauri tana tsayawa ne daidai wajen da ruwa ke fara daskarewa, ba ta yin ƙasa da haka sosai. Curin yana nan a ciki, ya saki saiwa, yana jira. Da Oktoba ya zo dusa ta fara narkewa, ruwa mai sanyi ya ratsa tsakuwa, sai ganye da fure su fito kusan lokaci guda. Tsakanin Oktoba da Nuwamba ake ganinsa. Daga nan rana ta buɗe, ƙasa ta bushe, ganye ya yi rawaya ya ƙone, iska ta kwashe shi. Daga Disamba har ruwa ya dawo, ko ka taka kansa ba za ka san akwai wani abu a wurin ba.

Kenan a wata goma sha biyu, 'yan makonni ne kawai ido zai iya shaida cewa asuliyo yana duniya.

Yadda aka rasa shi

Bayan Leybold ya bayyana shi ba a jima ba curinsa ya isa Turai. Lokaci ne da masu lambu a Jamus da Holan da Ingila ke rige-rigen mallakar duk wani baƙon fure, kuma shuɗi irin wannan ba shi da yawa a cikin tsirrai. Max Leichtlin, wanda ke da shahararren lambu a garin Baden-Baden na Jamus, yana cikin waɗanda suka raine shi suka yaɗa shi; har yau nau'in da ke da faffaɗan fari a tsakiya da shuɗi mai haske a baki, sunansa yake amsawa, Leichtlinii. Akwai kuma na uku da ake kira Violacea, wanda launinsa ya karkata zuwa shunayya.

Kasuwa ta buɗe, aka riƙa haƙo curin daga dutse ana turawa ƙetare. Tsiron da ke zaune cunkus a ɗan ƙaramin wuri, mai haƙa ɗaya da magirbi zai iya kwashe shi a yini biyu. A gefe guda ga dabbobi. Makiyayan tsakiyar Chile suna da al'adar hawa dutse da shanu da dawaki da awaki idan dusa ta janye, su yi watannin zafi a can, kamar yadda Fulani ke bin ɗanyar ciyawa. Ɗanyen ganyen farko da ya leƙo bayan ƙanƙara shi dabba ke fara kai wa baki. Idan aka cinye ganyen asuliyo kafin ya gama tara abinci, sabon curin zai fito ƙanƙane. A maimaita haka shekara uku ko huɗu, babu fure, babu iri, daga baya babu curin ma. Birnin Santiyago kuma yana ta faɗaɗa zuwa gindin duwatsun.

Daga wajen shekarun 1950 aka daina samun wanda ya gan shi a daji. Masana suka nema ba su samu ba, aka rubuta shi cikin tsirran da suka ƙare a mazauninsu na asali. Shekaru kusan hamsin ba a gan shi a daji ba, kuma duk mai son ba da misalin ɓarnar da kwaɗayin masu tara furanni ke yi, asuliyo yake ɗaukowa.

Ni dai ban wanke masu haƙa ba, ban kuma wanke kiwon da ya wuce kima ba. Wuraren da aka san shi da su a da sun rasa shi, wannan gaskiya ne. Amma hukuncin cewa ya ƙare ƙurmus an yanke shi ne a kan shaida mai rauni. Tsaunukan nan faɗi gare su, yawancin gangaren ba hanyar mota, da yawa kuma filayen mutane ne masu shinge da ƙofa. Lokacin da furen ke buɗewa shi ne lokacin da hawa ya fi wuya, ga laka ga ragowar dusa ga rafuka sun cika. Mai neman da ya makara da mako uku zai tsaya a kan dubban curi ya koma gida ya ce bai ga komai ba, kuma bai yi ƙarya ba.

Zaman kasko

Duk tsawon waɗannan shekaru asuliyo bai bar duniya ba, domin yana raye a kasake. Masu sayar da irin furanni a Holan, da 'yan ƙungiyar Alpine Garden Society da aka kafa a Ingila a 1929, da masu lambu a Niyu Zilan, su suka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ta ba shi lambarta ta yabo da take ba tsirran da suka cancanci a shuka. Tsada kuwa bai taɓa rabuwa da ita ba, don ba ya yaɗuwa da sauri. Guda-guda ake sayar da curinsa.

Sai dai zaman kasko yana da nasa aibin, kuma manomi zai gane shi nan take. Hanya mafi sauƙi ta ƙara yawansa ita ce ɓalle 'ya'yan curi a dasa. Ɗan curi kuwa kwafin uwarsa ne, babu abin da ya ƙaru, babu abin da ya canza. Kasko dubu da suka fito daga uwa ɗaya tsiro ɗaya ne aka raba gida dubu. Cutar da ta iya da ɗaya ta iya da duka. Ga shi kuma masu lambu sun yi ta zaɓen wanda ya fi shuɗi da wanda ya fi jure zaman ɗakin gilashi, alhali dutse ba waɗannan yake tambaya ba. Shi ya sa a shekarun 1990, da lambun Kew na Landan da hukumar gandun dajin Chile, CONAF, suka soma shirin mayar da shi gida, tambayar da ta fara tare musu gaba ita ce: a cikin abin da ke hannun masu lambu, nawa ne ya rage na bambancin jinin da tsiron ke da shi a daji? Mike Maunder, masanin tsirrai a Kew, da abokan aikinsa sun bincika ƙwayoyin halittar waɗanda ake raino, suka wallafa sakamakon a 2001, suna kiransa tsiron da ya ƙare a daji.

A cikin wannan shekarar ce aka gan shi.

2001

Mata biyu 'yan Chile masu nazarin tsirrai, María Teresa Eyzaguirre da Rosario García de la Huerta, suna aikin ƙidayar tsirran wani fili mai zaman kansa a duwatsun kudu da Santiyago, a tsayin da ya haura mita 2,000, sai suka ci karo da shi yana fure. Ba ɗaya ba, ba goma ba, gungu-gungu. Sun wallafa rahotonsu a 2002 a mujallar nazarin tsirrai ta Chile mai suna Gayana Botánica. Wurin da ya mamaye bai wuce mita 20 a mita 50 ba. Wanda ya saba da lissafin filaye a garuruwanmu, ya ɗauka fuloti biyu ne da 'yan kai. Ka matsa gefe kaɗan, babu shi.

Wannan ƙanƙantar wurin ta bayyana abu biyu a lokaci guda: yadda aka yi shekara hamsin ba a gan shi ba, da yadda za a iya rasa shi gobe. Garke ɗaya da ya yi zango a kansa, ko katafila ɗaya da ta zo fasa hanya, ko mutum ɗaya da buhu, sun isa. Chile ta cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare ta mayar da shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗari, kuma masu kula da lamarin ba sa tallata ainihin inda yake. Na ga dacewar hakan ƙwarai.

Ganowar ta kuma sauya aikin mai kasko. A da ana ganinsa a matsayin mai riƙon amanar tsiron da ba shi da kowa. Yanzu amfaninsa na farko shi ne ya wadata masu sha'awa da curin da aka raina a gida, har ya zama babu wanda zai ga ribar hawa dutse da magirbi. Duk mai son asuliyo ya saya a hannun wanda ya raine shi daga iri ko daga 'ya'yan curi, ya kuma tambaya kafin ya biya.

Rainonsa

Wanda zai raini asuliyo aikinsa shi ne ya ƙirƙiro masa shekarar dutsen Santiyago a cikin kasko. A Turai kalandar tana juyawa: ya farka a Satumba ko Oktoba, ya yi fure a Fabrairu ko Maris, ya kwanta a Mayu ko Yuni.

Ƙasa tukuna. Rabi ƙasar lambu mai kyau, rabi tsakuwa ƙanana da yashi mai kaushi. Gwajin da dattijon nan ya koya mini ya fi kowane awo: ka jiƙa haɗin, ka damƙa a tafin hannu, ka buɗe. Idan ya tsaya a cure kamar fura, ƙara tsakuwa. Idan ya wargaje da ka taɓa shi, ya yi. Kaskon ƙasa ya fi na roba domin yana numfashi ta jikinsa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ƙwararru suna binne kaskon har wuya a cikin akwatin yashi, sai su riƙa jiƙa yashin maimakon kaskon. Danshi ya ratsa a hankali, saiwa ta sami sanyi, wuyan tsiron kuma ya zauna a bushe. Ana sa curin a zurfin kamar santimita 5, a rufe, a zuba tsakuwa zalla a sama.

Ban ruwa shi ne inda ake cin jarrabawa ko a faɗi. A farkon kaka, idan dare ya fara sanyi, a ba shi ruwa sau ɗaya ya ƙoshi. Wannan shi ne ruwan farko na dutse, shi ke tashinsa. Daga nan a janye hannu, a bar ƙasar da ɗan danshi kawai har tsinin ganye ya leƙo. Idan ganye ya miƙe sai a ƙara, domin a lokacin yana kwaikwayon narkewar dusa ne, yana son ruwa mai wucewa, ba ya son mai kwanciya.

A nan na yi asarata. Shekarar farko curi uku na saya, na shuka a Satumba, na ba su ruwan farko yadda aka ce. Mako shida babu motsi. Kullum da safe in leƙa in ga tsakuwa kawai, raina ya ƙi kwanciya, sai na riƙa ƙara musu ruwa kaɗan-kaɗan ina ganin taimako nake yi. A Disamba ɗaya ya fito. Da na tona in ga sauran biyun, na tarar sun zama kamar dafaffen dankalin da ya kwana, suna wari, rigar zaren ce kawai ta rage. Garin neman gira na rasa ido. Curin da bai yi ganye ba ba shi da inda zai kai ruwan da aka ba shi, sai ya zauna a cikinsa cikin sanyi ya ruɓe. Na ji zafin abin sosai, don na san tsawon shekarun da wani ya yi kafin su kai girman da na same su.

Sai batun sanyi, wanda ke ba mutane mamaki. Tsiron da ya fito daga mita 3,000 ai a ce sanyin Ingila wasa ne a wajensa. Amma a dutse ba ya fito da ganye sai dusa ta tafi, a Ingila kuwa sanyin yana zuwa yana komawa, babu bargon dusa mai ɗorewa. 'Yan kwanakin ɗumi a Disamba sai su yaudare shi ya leƙo, daren Janairu ya zo ya ƙone ganyen. Kaskon da ya daskare gaba ɗaya har gindi kuwa ya kashe saiwa. Yana iya jure sanyin da ya sauka kaɗan ƙasa da sifili na ɗan lokaci, amma abin da yake so shi ne sanyi mai ɗorewa dab da daskarewa ba tare da an tsallaka ba. Shi ya sa ake ajiye shi a ɗakin gilashi marar ɗumama, tagogi a buɗe dare da rana, sai daren da aka ga sama ta washe sanyi zai yi tsanani a rufe ko a yafa masa mayafi. Kai shi ɗaki mai ɗumi kuma wata ɓarnar ce: ganye ya zuƙe ya yi laushi, furen ya kwanta. A lambun Kew akwai ɗakin da aka gina musamman don irin waɗannan tsirrai, Davies Alpine House, wanda aka buɗe a 2006. Dogo ne sosai domin iska mai zafi ta tashi ta fice ta sama, ana kuma jawo iska mai sanyi ta wasu lunguna na kankare a ƙarƙashin ƙasa a busa wa tsirran. Gini guda kenan don a samar da haske mai yawa, iska mai motsi, da sanyi marar jiƙa. A wasu sassan Niyu Zilan da Ailan masu sauƙin sanyi, akwai masu shuka shi a fili a gindin bango mai samun rana, ya kuma yi kyau.

Taki kaɗan yake so, irin na ruwa da ake ba tumatir, mai yawan fotash da ƙarancin naitirojin, a tsarma shi ya kai rabin ƙarfinsa, duk bayan mako biyu tun daga fitowar ganye. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a manta da kaskon da zarar fure ya zube, alhali makonnin da ke biye su ne na cika rumbu. Sabon curin a lokacin yake ƙiba. Duk kwanan da ganye ya ƙara yana kore riba ce ga furen baɗi, saboda haka a ci gaba da ruwa da taki, a kuma kare shi daga zafin da zai sa ya kwanta da wuri. Idan ganye ya fara rawaya da kansa, a rage ruwa, sannan a yanke.

Lokacin barcinsa a ajiye kaskon a inuwa, a bushe, ba a cikin ranar da za ta gasa shi ba. A dutse ƙasar sama tana zafi amma dare yana da sanyi, curin kuma yana ƙarƙashin tsakuwa. A ƙarshen Agusta a juye kaskon a faranti, a tsince curin, a cire ragowar tsohon da ya bushe a gindinsa, a ware 'ya'ya, a canza ƙasa.

Maƙiyansa sanannu ne. Dodon koɗi, mai gida da marar gida, yana iya aske tohon fure a dare ɗaya. Ɓera yana tono curin. Darɓa tana tsotsar ganye tana kuma ɗauko cutar da ba ta da magani, wadda ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare. Tsiron da ya kamu sai dai a raba shi da sauran. Furen da ya yanƙwane idan aka bar shi cikin danshi yana yin fumfuna, ta bi kara ta sauka, don haka a tsince shi, sai fa wanda ake son ya yi iri.

Irin nan shi na fi so a kula da shi. A ɗakin gilashi a watan Fabrairu babu ƙudan zuma, saboda haka mai lambu shi zai yi barbarar da hannunsa. Da tsakar rana, lokacin da furen ya buɗe sosai, a sa ɗan siririn burushi a ɗebo garin daga wani tsiro a shafa wa wani, zai fi kyau idan ba uwarsu ɗaya ba. Idan ta kama, ɗan kwanso zai kumbura a gindin furen. A tara irin idan ya nuna, a shuka a kaka a irin wancan haɗin ƙasar, a rufe da tsakuwa kaɗan, a bar shi a sanyi. Shekarar farko ganye ɗaya zai yi, siriri kamar ciyawa. Sai an yi shekara uku zuwa biyar kafin a ga fure. Jinkirin ne ke korar mutane zuwa ga 'ya'yan curi, amma kowane tsiron da ya fito daga iri sabon mutum ne, da nasa launin da nasa ƙarfin, kuma iri ba ya yawan ɗauko cutar da ke bin curi daga uwa zuwa ɗa.

Ko zai yi a wajenmu?

'Yan'uwa da suka ga hotonsa sun tambaye ni ko in kawo musu. Amsata a'a, kuma ba rowa ba ce. Shekararmu kishiyar tasa ce. Mu ruwanmu da ɗumi yake zuwa, sanyinmu na hunturu kuma busasshe ne. Shi yana son ruwa cikin sanyi, bushewa cikin zafi. Damina za ta same shi yana barci ta ruɓar da shi, sanyin hunturun Kano ko Damagaram kuma bai kai ya riƙe shi watanni ba, ga zafin rana da tsaka. Ko Jos da Mambila, duk da sanyinsu, ruwansu a lokacin da bai dace da shi ba yake sauka. Kuɗin da za a kashe a kansa asara ce, curin kuma ya fi ƙarfin a yi gwaji da shi. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne danginsa ba baƙi ba ne a Afirka: akwai Cyanella a Afirka ta Kudu, akwai kuma Cyanastrum cordifolium, mai curi da fure mai shuɗi-shuɗi, a inuwar kurmin kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon.

Can gida kuwa abin da ya fi damuna yanzu ya wuce magirbi da awaki. Tun 2010 tsakiyar Chile ta shiga wani dogon fari da ya haura shekara goma, ruwan sama ya ragu, dusar da ke sauka a duwatsun Santiyago ta ragu, tana kuma narkewa da wuri. Ana iya kewaye fuloti biyu da waya a hana dabba shiga, a sa mai gadi ya hana mai buhu. Bargon dusa da ruwan narkewarta kuwa babu mai iya kai su can da hannu. Idan dusa ta yi ƙaranci, curin zai sha irin sanyin da ke ƙone shi a Ingila, ruwan Oktoba kuma ya ƙare kafin rumbu ya cika.

Curin nan ɗaya da ya tsira a hannuna ya yi fure a shekararsa ta biyu. Na ɗauki kaskon a kwali na kai gidan dattijon, muka yi barbara da nasa, kwanso biyu suka kama, na sami ƙwayar iri goma sha ɗaya. Bakwai suka tsiro. Bana shekararsu ta uku, suna cikin akwatin yashi a bayan gida, biyu daga cikinsu sun fito da ganye na biyu. Ranar 20 ga Satumba na ba su ruwan farko, na rubuta kwanan a jikin kaskon da fensir, na kai butar ban ruwa ɗakin ajiya na rufe.